Ku Tambaya Mu Amsa: Barikin Sojan Rum da Ke Tsaye a Aljeriya Har Yau

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya ne, tun bayan da wani hoton kango ya yi ta yawo a Facebook da WhatsApp an rubuta a ƙasansa wai barikin sojan Rumawa ne a Afirka. Na haɗa su wuri guda, kuma ku yi haƙuri wasu amsoshin sun yi tsawo, abin ne yake da daɗin bi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kawo: Malam, na ga hoton wani ƙaton gini na dutse mai manyan ƙofofi an ce a Aljeriya yake kuma sojan Rum suka gina. Da gaske ne ko irin ƙaryar intanet ce? Ni dai na san Rumawa a Turai suke.

Ƙanena wannan kam ba ƙarya ba ce. Sunan wurin Lambesis, yana gefen garin da yau ake kira Tazult, kimanin kilomita 10 daga birnin Batna, a gindin duwatsun Auras. Kuma maganar cewa Rumawa a Turai kaɗai suke ka ajiye ta, don duk bakin tekun nan daga Masar har Maroko sun riƙe shi ɗaruruwan shekaru, alkamar da mutanen birnin Rum suke ci ma da yawanta daga Tunisiya da Aljeriya da Masar ake loda ta a jirgi. Toh duk inda ka ga rumbu ai za ka ga mai gadi. Masu gadin nan su ne runduna ta uku da ake wa laƙabi da Ogusta, irin babbar rundunar da suke kira lijiyon, mutum wajen 5,000, kuma abin mamaki ita kaɗai ce irinta tun daga Libiya har Maroko, sauran duk ƙananan bataliyoyi ne na taimako.

Ba a Lambesis suka fara zama ba. Sun fara a Haidra cikin Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 75 Miladiyya suka koma Tabassa, a shekara ta 81 suka kafa ɗan ƙaramin sansani a Lambesis, daga baya a farkon ƙarni na 2 aka gina babban barikin, tsawonsa mita 500 faɗinsa mita 420, wato ka jera filin ƙwallo kusan 30. Kuma in ka ga taswirar bariki ɗaya na Rumawa kamar ka ga duka ne, ko a Ingila yake ko a Jamus ko a Siriya, tsari ɗaya suke bi: ganuwa mai kusurwa huɗu, ƙofa huɗu, manyan tituna biyu su haɗu a tsakiya, hedikwata a wurin haɗuwar, sai ɗakunan sojoji a jere a jere, da rumbunan hatsi, da asibiti, da maƙera, da gidan wanka. Sojan da aka yi wa canjin wurin aiki ko cikin dare ya iso ya san inda zai nufa.

Ginin da ka gani a hoton shi ne wanda yake daidai mahaɗar titunan nan, ƙofar shiga hedikwata, tsayinsa ya kai mita 15, kuma rubutun da ke jikinsa ya nuna an sake gina shi wajen shekara ta 267. Rufin ya tafi amma bangon na nan tsaye. A bayansa akwai babban fili da aka shimfiɗe da dutse, da ɗakunan ajiye makamai inda masu tono suka tarar da dubban harsasan majajjawa na gasasshiyar laka, sai can ƙurya ɗakin da suke ajiye tutocin runduna da gunkin mikiyarsu, wanda a ƙarƙashinsa kuma ake ɓoye kuɗin albashi.

Wani abu da zan so ka riƙe, mu 'yan Kaduna bai kamata labarin nan ya yi mana baƙo ba. Garin nan namu ai soja ne da jirgin ƙasa suka haife shi, wajen 1913 aka kwaso sojojin Turawan mulki aka kawo su bakin kogin nan, a 1917 hedikwatar Arewa ta baro Zungeru ta biyo su, daga nan masu tuwo da masu wanki da maɗinka da 'yan koli suka yi ta zuwa har aka wayi gari ga birni. Haka Lambesis ta yi sak. A wajen ganuwa 'yan kasuwa da matan sojoji da tsofaffin sojoji suka kafa bukkoki, irin mami maket ɗin da muka sani, bukkokin suka zama unguwa, unguwa ta zama gari mai filin wasa da wuraren bauta da manyan ƙofofin ado, har a zamanin sarki Saptimiyus Sabirus ta zama hedikwatar lardin Numidiya gaba ɗaya. Shi kansa Sabirus ɗin ɗan Afirka ne, a Libiya aka haife shi a shekara ta 145, ya je ya mutu a garin Yok na Ingila a 211, cikin wani gari mai bariki irin wannan.

Tambaya daga wani dattijo tsohon soja a Kakuri: Ɗana, ni na yi shekara 30 ina ɗaukar bindiga kafin na yi ritaya. Ina so in ji, su waɗancan sojojin yaya zamansu yake? Ana biyansu? Suna da iyali a bariki? In mutum ya gama ana sallamarsa da wani abu ko kuwa sai dai Allah ya kyauta?

Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi tambayarka ce ta fi taɓa ni cikin duka, don ni ma a gidan tsohon soja na tashi, kuma da ka karanta abin da mutanen nan suka bari za ka ce ai wannan mun san shi.

Kurtu yana shiga ne yana saurayi, ya yi shekara 25 kafin a sallame shi. Mutum 8 suke kwana wuri ɗaya, ɗaki biyu ne ciki da falo, na gaba a jibge garkuwa da masu da sulke, na ciki a kwana, kuma su takwas ɗin nan tukunyarsu ɗaya, ana ba su alkama ne tsaba su niƙa da kansu a dutsen niƙa su gasa gurasa ko su dama kunu, ga man zaitun, ga wani ruwa mai tsami da suke sha. Irin ɗakin nan 10 su ne mutum 80, kuma a kansu akwai wani hafsa da in za mu kwatanta shi a wurinmu yana tsakanin samanja da kyaftin, alamar muƙaminsa sandar itacen inabi ce kuma ba don ado yake riƙe ta ba. Akwai ɗaya daga cikinsu a Turai da sojoji suka sa wa suna “kawo wata”, saboda in ya karya sanda a bayan soja sai ya ɗaga murya a miƙo masa wata, da aka yi bore a shekara ta 14 kuwa kashe shi suka yi. Na san Baba ka ga masu irin halinsa.

Albashi kuwa a lokacin da aka gina Lambesis dinari 300 ne a shekara ga farabiti. Kuɗin azurfa ne, amma daga sunansa ne Larabawa suka samo kalmar dinari da muke ji kullum in ana maganar sadaki. Kafin kuɗin su shigo hannu an cire na abinci an cire na takalmi da na tufa, wani kaso kuma a ajiye wa mutum a wancan ɗakin na ƙarƙashin tutoci, mai riƙe da tuta shi ne ma'aji shi ne akawu. In ka cika shekarunka lafiya sai a ba ka dinari 3,000 ko kuma gona. Akwai ma gari sukutum da aka gina don tsofaffin sojojin rundunar nan, Timgad, sarki Tarajan ya kafa shi a shekara ta 100 ba nisa da Lambesis, titunansa a miƙe kamar an ja da zare, har da ɗakin karatu na jama'a, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982.

Maganar iyali ita ce mai ciwo. A doka soja ba shi da izinin aure muddin yana cikin aiki, sai wajen shekara ta 197 Sabirus ya sassauta. Amma Baba kai ka sani, mutum ba zai yi shekara 25 a wuri ɗaya ba mace ba ɗa, don haka suna da matansu a unguwar bayan ganuwa, suna haihuwa, hukuma tana kau da kai, sai dai yaran ba su da matsayi a takarda. Hanyar da yaro zai bi ya samu matsayi ita ce shi ma ya shiga soja. Shi ya sa a jerin sunayen sojojin da aka sassaƙa a duwatsun Lambesis, inda ake rubuta garin kowa, za ka ga wannan daga Kartaj wancan daga Tabassa, sai kuma ka ga da yawa an rubuta musu kalma ɗaya kawai mai nufin “daga bariki”. Ba su da wani gari sai shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna abokan da muka yi firamare da su, in aka tambaye su ɗan ina ne kai sai su yi shiru, uba daga Langtang uwa daga Zuru, an haife su a Jaji an yaye su a Enugu, Hausarsu tsaf irin ta bariki, kuma rabinsu yau suna cikin kaki.

Ga kuma wani abu da zai burge ka. A cikin hedikwatar akwai ƙananan ɗakuna da ƙungiyoyin ƙananan hafsoshi suke taro, kuma sun rubuta dokokin ƙungiyarsu a dutse. Ta masu busa ƙaho, wato 'yan bigila, an rubuta ta a shekara ta 203: mai shiga ya biya dinari 750, ranar da ya yi ritaya a ba shi 500, in ya rasu a ba magajinsa 500, in an ƙara masa girma zai ƙetare teku a ba shi guzuri, har wanda tsautsayi ya sa ya rasa muƙaminsa an ce a ba shi 250 kada ya fita hannu rabbana. Adashi ke nan da ƙungiyar taimakon kai da kai, shekara 1,800 da suka wuce, kuma ni wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya fi tsaya min a rai, don sai wanda ya san halin rayuwa ne yake tuna wanda ya faɗi.

Ko ziyarar babban kwamanda ma sun sani. A shekara ta 128 sarki Hadiriyan ya zo da kansa ya kalli atisayensu, ya yi musu jawabi ƙungiya ƙungiya, su kuma suka sassaƙa jawabin a gindin wani dogon ginshiƙi a filin fareti, guntayensa suna nan har yau. A ciki ya ce kwamandansu ya riga ya gaya masa uzurorinsu, cewa bataliya ɗaya kullum tana can wurin gwamna, an kwashi wasu an kai wata runduna, sauran a warwatse suke a ƙananan sansanoni, kuma sau biyu suna tashi suna gina sabon bariki, amma duk da haka bai ga abin da za a nemi uzuri a kansa ba. Wata ƙungiyar kuma ya yaba musu don sun gina katanga da manyan duwatsu marasa daidaito a yini ɗaya, aikin da wasu sai su kwashe kwanaki.

Sai dai Baba kada daɗin labari ya sa mu manta abin da ya kai su can. Sojan mamaya ne. Ƙasar ta Barbar ce, 'yan asalin Arewacin Afirka, masu noma da kiwo, aka zo aka yanka musu hanya ta cikin makiyaya aka auna filaye aka raba, kuma ba su karɓa hannu biyu ba. Wani mutuminsu Takfarinas, wanda shi ma ya taɓa yi wa Rumawan aikin soja, ya yi shekara 7 yana yaƙar su daga shekara ta 17 zuwa ta 24 kafin su ci ƙarfinsa. Daga baya kuwa 'ya'yan ƙasar ne suka cika rundunar da kansu, kamar dai yadda kakanninmu suka cika ta Turawa.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Tudun Wada: Malam, ɗalibaina sun tambaye ni ko Rumawan nan sun taɓa zuwa ƙasar Hausa tunda ga su a Aljeriya da Libiya.

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ki gaya musu ba a taɓa tono bariki ko rubutun Rumawa a ƙasar Hausa ba, iyakarsu bakin Sahara ta can arewa. Amma sun matso fiye da yadda mutane suke zato. Tun shekara 19 kafin Miladiyya wani janar ɗinsu Balbus ya kai yaƙi har Fezan a kudancin Libiya, ƙasar mutanen da ake kira Garamanti. A farkon ƙarni na 3 kuma sojojin Lambesis ɗin nan aka ɗiba aka kai su suka kafa ƙananan sansanoni a hanyoyin ayari, ɗaya a Bu Najim cikin Libiya a shekara ta 201, ɗaya kuma a Gadamas, garin nan da fatakensa suka yi ta zuwa Kano daga baya har suna da gidaje a Dandalin Turawa. A Bu Najim an samu tarin guntayen fasassun tukwane da sojoji suke rubuta rahoton kullum a kai tunda takarda tsada gare ta, wane yana gadin ƙofa, wane ba shi da lafiya, wane yana gidan wanka, har da rahoton cewa ga Garamanti nan sun iso da alfadarai da jakuna ɗauke da sha'ir. Kayansu kuwa sun fi su nisa, don a wani tsohon kabari a Abalesa cikin duwatsun Hoggar na Abzinawa an samu fitilar Rumawa.

In kina so yaran su ji abin a jikinsu, ki kai su gidan tarihi na kan titin Ali Akilu su ga kayan Nok. Mutanen da suka gasa waɗancan kawunan na laka a kudancin jihar nan suna narka ƙarfe tun kafin a aza dutse ɗaya a Lambesis.

Tambaya daga wani almajiri a Rigasa: Su ne Rumawan da aka ambata a Suratur Rum?

Daula ɗaya ce amma zamani daban. Waɗanda surar take magana a kansu na gabas ne, masu hedikwata a Kustantiniyya wato Istambul ta yau, zamanin Hiraƙal a ƙarni na 7, Kiristoci ne masu jin Girkanci. Na Lambesis sun riga su da shekara kusan 500, Latin suke yi kuma gumaka suke bauta wa. In kana karatun Larabci ga wata tsaraba, kalmar ƙasr da ka sani ta fada ko babban gida, masana harshe sun ce daga kalmar Rumawa ta sansanin soja ta samo asali.

Tambaya daga wani mai haƙar rijiyar burtsatse a Barnawa: Mutum 5,000 da dawakai a wuri ɗaya, ina suke samun ruwa ba inji ba famfo?

Maigida kai ka san darajar wannan tambayar fiye da ni. Daga idanun ruwa na kan duwatsu suke jawo shi ta magudanar da aka gina da dutse, a hankali a hankali take gangarowa, saboda haka duk aikin yana wuyan mai awo, in ya kuskure ruwa ya tsaya. Kuma rundunar tana da nata masu awon, har farar hula suna zuwa aro. Bari in ba ka labarin ɗaya, Noniyus Datus, wanda shi da kansa ya sa aka rubuta abin da ya same shi a wani dutse da aka gano a Lambesis a 1866.

Mutanen wani gari na bakin teku, Bijaya ta yau, suna so su jawo ruwa amma akwai tsauni a tsakani, sai an huda shi, rami mai tsawon mita 428. Datus ya je ya auna, ya kafa turaku a kan tsaunin, ya zana taswira ya ba gwamna, ya sa aka fara haƙa daga ɓangarori biyu don a haɗu a tsakiya, sannan ya koma bakin aikinsa. Shekaru suka wuce sai ga wasiƙa ana roƙon kwamanda ya turo shi, lokacin ma ya riga ya yi ritaya. A hanya 'yan fashi suka tare shi, ya ce tsirara ya tsira da raunuka shi da mutanensa. Da ya isa ya tarar kowa ya yi jugum ana shirin watsar da aikin, don an yi ta haƙa har tsawon ramin ya wuce faɗin tsaunin amma ba a haɗu ba, ashe na sama sun karkata damansu, na ƙasa su ma sun karkata damansu, sun saɓa wa juna a cikin duhu. Ya sake awo, ya raba aikin tsakanin sojan ruwa da wata ƙungiyar sojoji ya sa su gasa, har aka haɗu, wajen shekara ta 152 ruwa ya shiga gari. A saman dutsen ya sa aka rubuta kalma uku, haƙuri da jarumta da fata. Ni abin da yake sa ni son mutumin nan shi ne ba sarki ba ne ba janar ba ne, ma'aikaci ne da yake so a san cewa awonsa daidai yake tun farko, kuma ya manna wasiƙun gwamnoni a jikin dutsen don kada wani ya musa. Na tabbata ka taɓa barin yara a wurin aiki ka dawo ka tarar sun yi nasu.

Ruwan kuma ba na sha kaɗai ba ne. Gidan wankansu ɗaki ɗaki ne, mai sanyi da mai ɗumi da mai zafi, an ɗaga daɓen a kan 'yan ginshiƙai ana hura wuta daga gefe zafin yana bi ta ƙarƙashi da cikin bango. Wurin tudu ne sosai, sanyinsa ya fi na Jos, har ƙanƙara tana sauka.

Tambaya daga wata ɗalibar jami'a a Unguwar Rimi: To me ya cinye su, kuma me ya sa nasu ya rage namu ganuwoyin suke ƙarewa?

Ƙanwata siyasa ce ta fara taɓa su. A shekara ta 238 aka yi rikicin sarauta, rundunar ta bi bayan gwamnanta ta murƙushe wasu uba da ɗa da suka nemi gadon mulki a Kartaj, sai kuma jikan uban, Godiyan na uku, ya zo ya hau. Ya rusa rundunar, aka warwatsa sojojin, aka bi duwatsu da kurfi ana kankare sunanta. Bayan shekara 15, a 253, sarki Baleriyan ya maido ta, aka sake bin wuraren da aka kankare ana mayar da sunan, kuma har yau ana ganin tabon a jikin duwatsun. Daga nan ƙarfin daular ya yi ta raguwa, hedikwatar lardi ta koma wani gari, Lambesis ta zama kufai, masu zuwa daga baya suna ɗibar duwatsun suna nasu ginin.

Babbar ɓarnar ma ta kwanan nan ce in aka kwatanta. Da Faransawa suka ci Aljeriya, wani kanar ɗinsu mai suna Karbusiya ya sa sojojinsa tono a wurin wajen 1849, har ya gyara kabarin wani hafsan Rum ya sa aka yi masa fareti, don su a ganinsu gadon Rumawa suka zo karɓa, ƙasar ba ta masu ita ba ce. Amma su ɗin dai a shekarun 1850 suka gina ƙaton kurkuku a kan wani ɓangare na barikin, da duwatsun barikin, suka riƙa zuba fursunonin siyasa a ciki, kuma gidan yarin yana nan har gobe a gefen kangon.

Batun namu kuwa, gaskiya ne dutse ya fi ƙasa jure damina, ganuwar Zariya da ta Kano da tubali da jar ƙasa aka yi su, in ba a yi musu yaɓe ba dole su zaizaye. Amma kada mu ɗora wa ruwan sama laifin duka. Da idona na gani a wani tsohon gari da ba zan faɗi sunansa ba, da hantsi, mutum uku da diga da shebur suna saran jikin ganuwa suna loda wa a kura, ƙasar tana zubowa ja wur har da guntayen tsofaffin tubala masu siffar ƙwai da hannun wani ya mulmula ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ana ganin sawun yatsu a jikin ɗaya da na ɗauka. Na tambayi babbansu ya ce bulo za su buga, ƙasar nan ta fi kowace kyau. Ban iya ce masa komai ba don na ga ɗaki yake nema ya sa iyalinsa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya masa abin da ke hannunsa. Gadar ƙarfen da aka gina a Zungeru a 1904 an kwance ta an kawo ta Kaduna a 1954 tana nan a lambun Gamji ana ɗaukar hoto a kai, amma tsohon garin Turunku da ke nan kusa da mu, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa takawa suka ga abin da ya rage?

Ɗaya bambancin kuma rubutu ne. An kwashi rubuce-rubuce sama da dubu a Lambesis, yawancinsu na kabari ne, wane ɗan wane ya yi shekara kaza a duniya ya yi kaza a soja, matarsa ce ta kafa masa wannan, ko ɗan'uwansa, ko abokin ɗakinsa. Kawuna da ya riƙe ni ya je yaƙin Bama, yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, ciki akwai littafin sallamarsa da lambobin yabo guda biyu a naɗe cikin tsumma da hotonsu su shida a tsaye, kuma yakan nuna min su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana faɗin sunan kowa da garinsu da inda aka baro shi. Ina yaro ban rubuta ba. Da ya rasu muka buɗe adakar muka tarar gara ta shiga ta cinye littafin, hoton ya manne da murfi, lambobin ne kawai suka tsira, kuma yau duk gidanmu ba mai iya kawo sunan ko mutum ɗaya cikin biyar ɗin nan.

Baba na Kakuri, in ka yarda ina so in zo har gida da rikoda in zauna da kai, ka turo min saƙo ta ofishin mujalla. Wanda kuma ya yi tambaya kan katangar Hadiriyan ta Ingila ya yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.